Ƙarin lam ba ya hana mota faɗuwa

Duk wanda ya bar gudoron RN1 a Kore Mairuwa ya nufi Tibiri ko Gesheme, ya san yadda motocin kasuwa suke tangaɗi. Rami ga rairayi, ga buhunan wake da hatsi a jibge bisa rufi. Abin da masu mota suka saba yi shi ne su kai Hilux ko tsohuwar Peugeot 504 gareji a Dogon Dutsi, a ƙara mata lam biyu ko uku a baya.

Ƙarin lam yana hana gindin mota zaunawa, amma bai ƙara wa birki ko taya ƙarfi ba. Abin da ke kifar da mota a kwana shi ne nauyin da aka ɗora sama, tare da gudu.

Gyaran gaskiya daga amortisar yake farawa. A danna kusurwar mota a saki: in ta yi ta lilo, ko aka ga mai yana tsiyaya, ta mutu. Bibbiyu ake sakewa, dama da hagu. Sannan a duba robobin sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafafun gaba, domin ita ce ke rage karkata. Kaya masu nauyi kuwa a sa su ƙasa, tsakanin ƙafafu.

Araha ba ta ado. Ɗan kasuwar da ya ƙi kuɗin amortisar biyu, wata rana zai tsinci buhunansa a gefen hanya, in Allah ya sa fasinja sun tsira.