Dila Da Yanyawa: Nawa Su Ke Ci Mana A Shekara?

'Yan'uwa manoma da masu kiwo, a nan ƙasar Gumel, daga Ɗanzomo da Sule Tankarkar har Gagarawa da Maigatari, da wuya a shiga gida ba a tarar da kaji ko zabi ba. Su ne asusun mata da yara. In yaro ya kamu da zazzaɓi, ko kuɗin makaranta ya taso, zabo a kan kama a kai kasuwar Maigatari ran Alhamis. Saboda haka duk abin da ya taɓa tsuntsayen nan, ya taɓa aljihun gida.

Kukan da mu ke ji kowace damina shi ne dila da yanyawa sun gama da zabi. Lalle suna ɓarna. Zabuwa ba ta son yin ƙwai a gida. Ta kan shiga cikin ciyawa ko gindin sabara ta yi sheƙarta a ƙasa, in kuwa ta kwanta a kan ƙwan sai ta yi wajen kwana 28, dare da rana. Dila ba ya bukatar wayo mai yawa kafin ya same ta. A ce mace tana da zabi mata biyar, aka cinye biyu a farkon damina. Hasararta ta wuce zabi biyu: ta rasa ƙwan da za su yi mata har kaka, da 'yan tsakin da za su zama kuɗi da rani.

Amma ra'ayinmu shi ne ana ɗora wa dila kayan da ba nasa kaɗai ba ne. 'Yan tsakin zabi ba su jure sanyi da raɓa, da yawansu kan mutu a makonnin farko ba wanda ya taɓa su. Shirwa da shaho suna sura da rana tsaka. Muzuru da karnukan gari suna shiga akurki, guza da maciji suna shan ƙwai. Ciwon kaji da ke zuwa da hunturu ya kan share garke a mako ɗaya. Ga kuma ɓarawo mai ƙafa biyu. Tun da ba mu rubutawa, duk zabon da bai dawo gida ba sai a ce dila ne.

A Ingila masu manyan gonaki suna kiwon wani tsuntsu mai kama da fakara, mai dogon wutsiya, su saki miliyoyinsa kowace shekara domin maharba su biya kuɗi su harba. Yanyawar ƙasarsu ja ce, ta fi tamu girma, tana cikin manyan masu yi musu ɓarna, har waɗanda maharba ke samu ba su kai rabin abin da aka saki ba. Mutanen nan suna da bindigogi da ma'aikata na musamman, duk da haka ba su ga bayanta ba. A shekarar 2004 ma an yi dokar hana farautarta da karnuka. Abu biyu ya kamata mu koya daga gare su: suna ƙirga tsuntsayensu, kuma suna tsare ƙanana cikin shinge mai ƙarfi har su yi ƙwari.

Abin da mu ke ƙi ƙwarai shi ne sa guba a mushe. Wasu kan zuba maganin ƙwari irin Gamalin a kan mataccen zabo su ajiye a bayan gari. Kafin dila ya zo, karen maƙwabci ya ci, ungulu ta ci, wani lokaci yaro ya tsinci naman. Ungulun da dā ke cika mahautarmu yanzu sun yi ƙaranci, har a 2015 aka sa su cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Yanyawa kuwa yawancin abincinta ɓeraye ne da fara da sauran ƙwari. In muka kashe ta, ɓeran da ke tone mana irin gero da gyaɗa ya sami sake. Mun tsare zabo, mun ba da rumbu.

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ga abin da ke hannunmu:

1. A gina akurki na ƙasa mai ƙofa da ke rufuwa sosai, a bar ƙananan tagogi don iska. A riƙa watsa wa zabi tsaba da yamma a bakinsa tun suna ƙanana, za su saba kwana a gida.

2. A bi sawun zabuwa a gano sheƙarta. A riƙa kwashe ƙwan ana barin biyu ko uku don kada ta sauya wuri, a sa wa kaza ta kwanta a kai cikin gida.

3. A tsare 'yan tsaki da uwarsu ƙarƙashin kwando ko cikin ɗaki mai ɗumi wajen mako shida. Kada a sake su da safe sai raɓa ta bushe.

4. A nemi malamin dabbobi ya yi wa kaji rigakafi kafin hunturu. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin maganin.

5. A sami ɗan littafi, ɗan makarantar gidan ya riƙa rubuta kowane tsuntsu da aka rasa, da ranar, da abin da aka gani a wurin: gashi, sawu, ko mushe ba rauni.

In kowane gida ya yi haka damina ɗaya, da kaka sai mu zauna a taron manoma mu haɗa lissafi. A nan za mu san rabon dila da na sanyi da na ciwo, mu san inda ya kamata mu kashe ɗan kuɗinmu. Allah ya ba mu damina mai albarka.