Ra'ayinmu: Ranar da Aka Tambayi Masu Dutse

Ba kasafai mujallar nan takan tsallake teku neman abin magana ba, domin wanda ɗakinsa ke yoyo ba ya rasa abin cewa a gida. Amma a wannan fitowa muna roƙon masu karatu su yi haƙuri su biyo mu gabashin ƙasar Indiya, zuwa jihar Odisha, wadda kafin 2011 ake kira Orissa. A can ne a 2013 aka yi wani abu da mu ɗalibai muka daɗe muna rubuta maƙalu a kansa, alhali ba mu taɓa ganinsa da ido ba. An tara talakawan wasu ƙauyuka 12, aka tambaye su ko sun yarda a haƙa ƙasarsu. Suka ce ba su yarda ba, maganarsu kuwa ta zauna.

Mutanen nan ana kiransu Dongria Kondh. Yawansu kamar 8,000 ne, suna zaune cikin tsaunukan Niyamgiri da suka ratsa gundumar Kalahandi da ta Rayagada. Manoman gangaren dutse ne, suna shuka dangin gero da abarba da ayaba da lemo da gangamau, daji kuma yana ba su zuma da itace da magani. A ƙoƙuwar tsauninsu akwai boksait, jan dutsen nan da ake tacewa a fitar da alminiyam, wato sanholon tukwanenmu, sama da tan miliyan 70. Kamfanin Vedanta, wanda a lokacin ake cinikin hannayen jarinsa a Landan, ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jihar, ya kuma gina masana'antar tace dutsen a Lanjigarh, a gindin tsaunin, tun ba a ba da izinin taɓa samansa ba. An kafa murhu ke nan, an ɗora tukunya, sa'an nan aka tafi tambayar mai hatsi.

Shari'ar ta yi tsawo, za mu taƙaita ta. A 2008 Kotun Ƙoli ta Indiya ta buɗe hanya, bisa sharaɗin kowace shekara a ware kashi 5 cikin 100 na riba, ko rupi miliyan 100, duk wanda ya fi yawa, don raya yankin. A watan Agusta na 2010 wani kwamitin bincike a ƙarƙashin N. C. Saxena ya gano an tsallake haƙƙoƙin mazauna dajin, sai Ministan Muhalli na lokacin, Jairam Ramesh, ya hana izinin sare hekta 660 da ake bukata. Kamfanin haƙar ma'adinai na gwamnatin jiha ya koma kotu. Ran 18 ga Afrilu, 2013, Kotun Ƙoli ta dogara da dokar 2006 ta haƙƙin mazauna daji, ta ce a mayar da magana wurin majalisar ƙauye, wadda suke kira gram sabha, wato taron dukan baligan gari, maza da mata. Su za su faɗi ko haƙar za ta taɓa addininsu da al'adarsu, a kuma ajiye alƙali ya sa ido.

To, me aka ɗora a kan ma'auni?

Kada mu yaudari kanmu da hoton mutanen daji masu jin daɗi da ba sa bukatar komai. Kalahandi suna ne da ya shahara a Indiya da yunwa a shekarun 1980. Makaranta nesa take, asibiti ya fi ta nisa, zazzaɓin cizon sauro kuwa ɗan gida ne. Wanda aka yi wa alkawarin hanya da ɗakin shan magani da albashi a irin wannan wuri ba ƙaramin abu aka nuna masa ba, kuma a garuruwan gindin tsauni akwai 'yan kasuwa da 'yan kwangila da matasa masu neman aiki waɗanda suka goyi bayan kamfani da zuciya ɗaya. Mu da muke karatu a ƙarƙashin fitilar lantarki ba mu da bakin da za mu ce wa wani ya zauna cikin duhu don ya ba mu sha'awa.

Amma a ɗaya gefen ma'aunin akwai ruwa, a nan kuwa muke so mai karatu ya tsaya. Shi boksait dutse ne mai ƙofofi kamar soso. Da damina yakan shanye ruwan sama ya riƙe, da rani ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin ƙoramun da ke gangarowa ta gonakin mutane, daga nan ne ma kogin Vamsadhara ya samo asali. Haƙar da aka shirya ta buɗaɗɗen rami ce: a sare daji, a kwashe ƙasar sama, a fasa dutse da nakiya, a ɗebe sosan nan da kansa. Kamfani ya ce ruwa ba zai taɓu ba, waɗansu masana suka ce zai taɓu. Mu ba masana ƙasa ba ne, ba za mu raba gardamar ba. Abin da ko ɗan firamare zai iya lissafawa shi ne wannan: in ana kwasar tan miliyan 3 a shekara, kamar yadda aka tsara, dutsen zai ƙare cikin kamar shekara 25. In lissafin kamfani ya yi daidai, kowa ya sha. In ya kuskure, injiniya zai naɗe taswirarsa ya nufi wani tsaunin, mai hannun jari ya sayar ya sayi wani, manomi kuwa a bar shi da busasshiyar ƙorama da jikoki. Mutumin da kuskure zai faɗa a kansa shi kaɗai yana da hujjar ya fi kowa taka-tsantsan, kuma wanda ya kira wannan jahilci bai taɓa jinginar da gonar gādo ba.

Ba kuma da ka suka yi hukunci ba. Masana'antar Lanjigarh tana gabansu shekara da shekaru. Sun ga 'yan'uwansu na ƙauyukan ƙasa da aka tashe su daga gonakinsu aka biya su diyya, sun ga yadda kuɗin ya ƙare gona kuwa ba ta dawo ba. Sun ga tafkin jan laka, dattin da ke saura bayan an tace dutse. A 2010 ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton gurɓatar ruwa da iska a kewayen wurin. Gani ya kori ji.

Sai maganar bauta, wadda muka san za ta sa waɗansu daga cikinmu taɓe baki. Dongria suna ɗaukar ƙoƙuwar tsaunin mazaunin abin bautarsu, Niyam Raja, sunan da ke nufin sarkin doka, kuma a al'adarsu ba a sare itace a can. Ba sai mutum ya yarda da abin da suke bauta wa ba kafin ya lura cewa wannan hani shi ya tsare dajin, dajin kuma shi ya tsare ruwan. Kotu ta buɗe musu ƙofar addini domin ita doka ta fi ganewa, su kuwa suka shigo ta cikinta da gonarsu da ƙoramarsu duka, tun da a wurinsu ba a raba su.

An yi tarurrukan daga 18 ga Yuli zuwa 19 ga Agusta, 2013, aka fara a Serkapadi aka ƙare a Jarapa. Gwamnatin jiha, wadda ita ma tana son a yi haƙar, ita ta zaɓi ƙauyuka 12 daga cikin fiye da 100, ga kuma 'yan sanda ɗauke da bindigogi. Duk da haka ko ƙauye ɗaya bai amince ba. A Janairun 2014 Ma'aikatar Muhalli ta rufe maganar. A 2016 kamfanin jihar ya roƙi Kotun Ƙoli a sake tambaya, kotu ta ƙi. Mun jinjina wa wannan ƙin na biyu ƙwarai, domin duk mun san dabarar nan ta maimaita tambaya har sai an gaji an ba da amsar da ake so.

Gaskiya ta tilasta mana mu ƙara da cewa duniya ba ta daina bukatar alminiyam ba don Dongria sun ƙi. Masana'antar ta taɓa tsayawa na watanni daga ƙarshen 2012 saboda rashin dutse, ma'aikata suka ji a jikinsu, daga baya ta ci gaba da boksait da ake kawowa daga waɗansu wurare, har da ƙasar Gini a nan Afirka ta Yamma. A 2023 kuma kamfanin ya ci gwanjon wani tsaunin, Sijimali, a cikin gundumomin nan biyu, mazaunansa su ma suka tashi da ƙorafi. Kayan da wani ya sauke wani aka ɗora wa. Laifin ba na wanda ya sauke ba ne, amma ya nuna cewa nasarar ƙauyuka 12 ba ta zama ɗabi'ar hukuma ba.

Me ya kai mu Odisha? Wanda ya taɓa bin hanyar Jos zuwa Bukuru ya ga kududdufan da haƙar kuza ta bari a gonakin Birom, kuma ba mu ji an tara kakanninsu an nemi yardarsu ba. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta yi ƙoƙari, ta wajabta wa mai haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da jama'ar wurin kafin ya fara aiki. Sai dai wannan yarjejeniya ciniki ce a kan rijiya nawa da aji nawa za a gina. Tambayar farko, wato a haƙa ko kada a haƙa, ba a kawo ta dandali. Ra'ayin mujallar nan shi ne a gyara dokar yadda taron dukan mazauna gari zai sami ikon cewa a'a a gaban alƙali, a'ar kuma ta ɗaure hannun minista. Za a ce wannan zai kori masu jari. Zai kori waɗansu, musamman waɗanda ribarsu ta dogara a kan kada a tambayi kowa. Garuruwa da yawa kuwa za su ce i, kuma wanda zai iya tashi ya bar kasuwa shi ke samun farashi mai kyau.

Kafin a kai can, 'yan'uwa, da yawa daga cikinku bana ko baɗi za ku zauna a bayan tebur a sakatariya, waɗansunku ma sun riga sun zauna. Wata rana masinja zai ajiye muku fayil, a ciki da takarda mai cewa jama'a sun amince. Ku duba ƙasanta. In hannu ɗaya ne da hatimi ɗaya, ku tambayi ranar da aka yi taron, da inuwar da aka zauna, da harshen da aka karanta musu takardar, da mata nawa suka buɗe baki. Ku tambaya kuma ko an gaya musu shekarar da ramin zai ƙare, da sunan wanda zai cike shi.