Rigar da ke ɓoye bindiga: Tambayar da dokokin Amurka suka bari ba amsa

A yawancin jihohin Amurka a yau, mutumin da ke layin biyan kuɗi a kanti, sanye da riga mai ɗan faɗi, yana iya kasancewa da ƙaramar bindiga a ƙugunsa, kuma bai karya doka ba.

A hankali aka kai ga wannan matsayi. Dokar jihar Florida ta 1987, wadda ta wajabta ba da lasisin yawo da bindiga a ɓoye ga duk wanda ya cika sharuɗɗa, ta zama abin koyi ga jihohi da dama. Illinois ce ta ƙarshe da ta halatta shi, a 2013. A watan Yunin 2022, Kotun Ƙoli ta soke sharaɗin jihar New York na cewa sai mai neman lasisi ya kawo dalili na musamman. Zuwa 2024, jihohi 29 cikin 50 sun daina neman lasisin ma baki ɗaya.

Da doka ta sassauta, kasuwa ta bi sahu. Kamfanoni na ɗinka wanduna masu ɓoyayyen aljihu, da ɗamara mai tauri da za ta ɗauki nauyin ƙarfe, da jakunkunan mata masu zuciya ta musamman. Burin mai saye shi ne kada siffar makamin ta bayyana ta cikin tufa. Magoya baya na cewa hakan ladabi ne, domin ba a tsorata jama'a, kuma ɗan fashi zai yi shakka tunda bai san wa ke riƙe da makami ba.

Sai dai ɓoyewar tana da nata haɗarin. A watan Disamban 2014, a wani shagon Walmart da ke jihar Idaho, yaro ɗan shekara biyu ya zura hannu cikin irin wannan jaka ta mahaifiyarsa, bindigar ta tashi, ta kashe ta.

Haɗari mafi girma shi ne zato. Idan kowa na iya ɗauke da makami, ɗan sanda zai riƙa hukunci da abin da idonsa ya gani, kuma ba kowa ake kallo da ido ɗaya ba. A watan Yulin 2016, a jihar Minnesota, wani ɗan sanda ya tsayar da motar Philando Castile, baƙar fata mai lasisi. Castile ya shaida masa cewa yana da bindiga. Cikin daƙiƙu kaɗan aka harbe shi har lahira, kuma a 2017 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke ɗan sandan.

Yanzu taƙaddamar ta koma kan wurare. Bayan hukuncin 2022, New York ta haramta shiga da bindiga makarantu, jiragen ƙasa na birni da dandalin Times Square. Amma makamin da riga ta rufe ba a gano shi sai da bincike, kuma a 2013 wata kotun tarayya ta yanke cewa yadda 'yan sandan birnin ke tare mutane suna laluben jikinsu ya saɓa wa tsarin mulki, saboda ya fi faɗawa kan baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka. Doka ta ba kowa 'yancin ɓoye bindiga, amma har yanzu ba ta fayyace wa za a ɗaga wa riga ba.