Lambun tunawa da mazan jiya: a karɓi gudummawa, kada a sayar da suna



Da yawanku kun ga hotunan aikin gayyar da matasan wata mazaɓa tamu suke yi. Sun kwashe bolar da ta cinye wani fili a bayan makarantar firamare, sun haƙa ramuka, sun fara dasa darbejiya da mangwaro da tsamiya. Niyyarsu wurin ya zama lambun tunawa da dattawan unguwar da suka sha wuya a zamanin NEPU. Yanzu kuma magana ta taso: wani mai neman takara ya ce zai kewaye filin da katanga, ya haƙa burtsatse, amma a rubuta sunansa a allon ƙofa. Wasu daga cikinmu sun ce a karɓa, ai ruwa ake nema. Ni dai ra'ayina a karɓi ruwan in zai bayar don Allah, amma allon nan ba na sayarwa ba ne.

Ga dalilina. Manyan wannan tafiya ba su rasa abin tunawa ba. Malam Aminu Kano, wanda Allah Ya yi wa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa duk sunansa suke ɗauke da shi, gidansa na Mambayya da ke Gwammaja kuma ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Hajiya Gambo Sawaba tana da babban asibiti a Zariya. Sun cancanta, Allah Ya jiƙansu. To amma tun da aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950, su wa 'yan doka suka riƙa kamawa? Su wa alkalan En'e suka tura gidan yari saboda sun halarci lacca? Tela ne, da mahauci, da ɗan koli, da manomi, da matan da suka bar girki suka fita yekuwa a lokacin da macen Arewa ba ta ma da ikon jefa ƙuri'a. Waɗannan ba titi, ba makaranta, ko lungu babu mai sunansu. Jikokinsu ma wasu ba su san abin da kakanninsu suka gani ba.

Wahalar nan tasu ba ta tafi a banza ba. Ita ce ta share fagen da gwamnatocin PRP na Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan zaɓen 1979. In yau aka wayi gari fili guda ɗaya tak da aka ware wa waɗannan bayin Allah ya koma tallan ɗan takara, wallahi mun ci amanarsu. Kuma kowa ya san yadda abin yake ƙarewa: gobe mutumin ya sauya sheƙa, a zo ana rigimar kankare suna, lambu ya zama na ɓangare, wanda ba ya tare da shi ya daina zuwa ban ruwa.

Masu cewa ai tunawa da matattu da wani wuri baƙon abu ne a wurinmu, ina ganin sun yi gaggawa. Ba gunki za a kafa ba, ba kushewa za a gina ba. Itace ne za a dasa, yara su yi karatu a inuwarsa, tsofaffi su huta, a ci 'ya'yansa, a yi wa mamatan addu'a. Malamanmu kullum suna faɗa mana dasa itace sadaka ce mai gudana.

Sai dai ƙin kuɗin mai kuɗi yana da nauyinsa, dole mu ɗauka. Na farko, a nemo takardar filin daga ƙaramar hukuma, da sa hannun mai unguwa da dagaci, don mun sha ganin filin jama'a ya kwana fili ya tashi shaguna. Na biyu, a yi wa kowane dashe shinge, domin akuya ba ruwanta da aƙida. Na uku, wanda ya fi wuya, ban ruwa. Dashe da damina kowa zai iya, amma daga Nuwamba zuwa Mayu ake gane mai lambu, musamman a zafin Maris da Afrilu. A raba itatuwan gida-gida, kowane gida ya san nasa. Na huɗu, a zauna da dattawan da suka rage a rubuta sunayen mutanen nan da abin da ya same su, tun kafin su ma su tafi da labarin.

Shi kuwa mai neman takara, ƙofa a buɗe take. Ya zo da jarkarsa, ya kawo dashe, ya ba da abin da ya sawwaƙa a rubuta a littafin gudummawa, layi ɗaya da mai shayi da mai ƙosai. In ya ce sai da allo, a yi masa godiya, a ci gaba da karo-karo. Da katangar da za ta zo da sharaɗi, gara shingen kara da hannunmu ya yi.

Sauran mazaɓu, ku ma ku duba unguwanninku. Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya ba mu ikon riƙe amana.