Hannun Alaramma Ma Ado Ne

Jama'a, a ƙasar Japan yaro na shiga aji 3 na firamare ake miƙa masa buroshi da tawada. Zai fara da kaisho, rubutu tsayayye. Sai ya girma ya shiga gyosho mai ɗan gudu, gwanaye kuma su kai sosho, wanda ba kowa ke iya karantawa ba.

To mu fa? Ku leƙa tsangayun Karaye da Rogo. Alaramma zai fiƙe alƙalamin gamba, ya rubuce izu 60 da ka, baƙi da yambar, wasali da ja, hamza da rawaya. Masana na kallo za su ce wannan hannun Barno ne, kakkaura, wancan na Kano ne irin na Sharif Bala Gabari.

Abin da ke ci mini rai, ɗan Islamiyya da ya saba da bugun Madina, in ka buɗe masa Warshun kakansa sai ya yi ta in-ina, wai fa ce ko ƙaf?

Ni dai roƙona ga malaman Islamiyya: ko awa ɗaya ce ran Alhamis, a gayyato alaramma, a biya shi, yara su riƙe alƙalami.