Idan Kuɗi Bai Isa Ba, Wa Za Mu Fara Biya?

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kayan masarufi kuma suka bi ta, har hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba 2024. Gidajen masu bi da yawa a nan Katsina sun shiga bashi a waɗannan shekaru, wani don kuɗin makaranta, wani don asibiti, wani kuma don ya fanso ɗan'uwansa daga hannun 'yan bindiga. Ba za mu tsaya kan laifin cin bashi a wannan karon ba. Tambayarmu ita ce: albashi ya shigo, ko an sayar da amfanin gona, masu bin mu su biyar ne, kuɗin kuwa na mutum biyu ne. Wa za mu fara biya?

Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu fara da wanda ya fi tayar mana da hankali. Mai bugo waya safe da yamma shi ke karɓar nasa, mai kunya da kawaici kuma a bar shi a baya, sau da yawa kuwa shi ne ya fi kowa bukata. A Amurka masu ba da shawara kan kuɗi sun kasu biyu. Wasu, kamar Dave Ramsey, suna cewa a fara da mafi ƙanƙantar bashi don mutum ya sami ƙarfin gwiwa, wasu kuma suna cewa a fara da wanda kuɗin ruwansa ya fi yawa. Dukansu da hikima a ciki, sai dai aljihun wanda ake bi kaɗai suka duba. Mu kam ra'ayinmu shi ne a fara tambaya: wane ne yake kwana da yunwa saboda kuɗinsa yana hannuna?

Saboda haka na farko a jerinmu shi ne hakkin wanda ya yi mana aiki da guminsa: magini, lebura, tela, mai ga-ruwa, yarinyar da ke taya aikin gida. Littafin Firistoci sura 19 da Maimaitawar Shari'a sura 24 sun hana a bar ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki, Yakubu sura 5 kuma ta nuna cewa kukan irin waɗannan yana isa kunnen Ubangiji. Tare da su akwai mai awo a Babbar Kasuwa da ya ba mu tiya biyu ta masara sai ƙarshen wata, da gwauruwar da ke tuyar ƙosai wadda jarinta duka bai fi abin da take bin mu ba, da zubin adashen Zumuntar Mata, wanda in mutum ɗaya ya kwashi nasa ya daina zubi, mata goma ne za su shiga uku.

Akwai wani dalili da ya shafe mu musamman. A wannan gari mu kaɗan ne, kuma yawancin masu ba mu kaya bashi maƙwabtanmu ne Musulmi, ba takarda, ba shaida, sai amana. Idan ɗayanmu ya fara sauya hanya don kada ya bi ta gaban shagon da ake bin sa, ba sunansa kaɗai za a kira ba, za a ce ai haka mutanen coci suke. Wake ɗaya ke ɓata gari. Gobe wani ɗan'uwa mai gaskiya zai je neman mudun shinkafa a hana shi, bai kuwa san laifin wa yake biya ba.

Na biyu shi ne bashin da ke haihuwa, da wanda zai iya raba mu da wurin kwana ko abin sana'a: kuɗin haya, Keke Napep ɗin da aka ɗauka biya a hankali, gonar da aka jinginar, rancen banki, da rancen waya. A ce mutum ya ranci naira 50,000 da ruwa kashi 20 cikin 100 a wata. Kowane wata naira 10,000 ke hawa kansa, cikin wata shida ruwan kaɗai ya kai naira 60,000, ya wuce uwar kuɗin. Irin wannan ba a yi masa jinkiri, idan kuma suna da yawa, a fara da mai ruwa mafi tsada. Kada kuma a ci sabon rance don a toshe tsohon.

Mu san dokar da ke kanmu da wadda ke kāre mu. Tun watan Agusta 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga wasu asusun mutum a wasu bankuna, ta hanyar lambar BVN, don haka sauya banki ba mafita ba ce. A ɗaya gefen, a 2021 hukumar NITDA ta ci wani kamfanin rancen waya tarar naira miliyan 10 saboda aika saƙonni ga mutanen da ke cikin wayar masu bashi, a watan Maris 2022 kuma hukumar kāre hakkin masu saye, wato FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu irinsu a Legas. Bashin da muka ci wajibi ne mu biya, amma tozartawa ba ta cikin hakkin mai rance. Wanda kuma ya sa wani ɗan'uwa ya tsaya masa, ya tuna cewa ranar da ya gaza, ƙofar wancan za a buga.

Wani zai ce, Fasto, lissafi bai goyi bayanku ba, domin yayin da nake biyan magini ruwan rance yana hawa. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma a zauna a ƙirga. Idan magini yana bin naira 8,000, mai awo naira 12,000, aka biya su aka jinkirta wa mai rance naira 20,000 na wata ɗaya, abin da zai ƙaru naira 4,000 ne. Asara ce, amma da ita gida biyu suka ɗora tukunya, kai kuma ka bi ta kasuwa ba ka sunkuyar da kai ba. Inda ruwan ya yi muni har zai cinye gidan, sai a je wurin magini a gaya masa gaskiya, a ba shi rabi, shi da bakinsa ya yarda da ranar cikon.

Na uku shi ne mai haƙuri wanda yake da hali: yaya, suruki, aboki. Shi zai iya jira, amma kada shirunsa ya sa a ɗauka ya yafe. Zumunta a ƙafa take. A taka a same shi, a faɗi abin da za a iya bayarwa kowane wata, ko naira 2,000 ce, a kuma cika.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi a bakinmu mu shugabanni. Lokacin godiyar kaka ko gidauniyar ginin majami'a, mukan kira mutane da suna su yi alkawari a gaban jama'a, mutum ya miƙe don kunya ya ambaci naira 30,000 alhali mai ƙosai da take bin sa tana zaune a benci na baya. Ubangijinmu ya koyar a Matiyu sura 5 cewa sulhu da ɗan'uwan da ke da ƙara a kanmu yana gaba da miƙa baiko. Baiko na zuciya ɗaya daga abin da yake namu yana nan daram, amma kada dattawa su matsa wa mai bashi ya yi alkawarin da sai ya ci wani bashin zai cika. Masu hali a cikinmu da ke bin 'yan'uwa su karanta Nehemiya sura 5, su ga yadda ya tsawata wa manyan da suka riƙe gonakin talakawa jingina a lokacin yunwa.

A ƙarshe, mu tuna da gwauruwar nan ta 2 Sarakuna sura 4. Elisha ya sa ta sayar da man ta biya bashi, ita da 'ya'yanta kuma su rayu da abin da ya rage. Ashe ba a ce a hana yara tuwo don a biya bashi ba. A ware abincin gida tukuna, sa'an nan miji da mata su zauna da takarda da biro, su rubuta kowane bashi, da mai shi, da ruwansa, da ranar biya, ba ɓoye-ɓoye a tsakaninsu. Wanda lissafin ya fi ƙarfinsa ya nemi dattijo ɗaya mai riƙon asiri ya taya shi. Ubangiji ya ba mu abin biya, ya kuma ba mu zuciyar biya. Amin.