Boko da rashin ganin nesa: Abin da ke faruwa da idanun yara a gabashin Asiya

A shekarar 2018 hukumomin lafiya na China suka gudanar da binciken idanun yara a faɗin ƙasar, inda suka gano cewa kashi 36 cikin 100 na 'yan firamare ba sa iya ganin abin da ke nesa da su sosai sai da tabarau. A ƙaramar sakandare adadin ya haura kashi 71, a babbar sakandare kuwa ya kai kashi 81.

Ba China kaɗai ke fama da matsalar ba. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa fiye da kashi 96 cikin 100 na samari 'yan shekara 19 a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, suna da wannan larura.

Waɗannan ƙasashe dai su ne ake buga misali da su wajen ƙwazon ɗalibai. To ko akwai alaƙa tsakanin ƙwazon da lalacewar idanun?

Ba gado ba ne kawai

Rashin ganin nesa yana samuwa ne idan ƙwayar ido ta yi tsawo fiye da kima yayin da yaro ke girma, sai hoton abin da ke nesa ya riƙa faɗuwa kafin ya isa tantanin da ke bayan ido. Yaron zai iya karanta littafin da ke hannunsa, amma rubutun allo sai ya zame masa dishi-dishi.

An daɗe ana ɗora laifin a kan gado, kuma lalle gado yana da tasirinsa. Sai dai masana na cewa ƙwayoyin halitta ba sa sauyawa cikin shekaru arba'in ko hamsin, alhali cikin irin wannan ɗan lokaci ne matsalar ta mamaye biranen gabashin Asiya.

Zargin makaranta kuwa ba sabo ba ne. Tun a 1867 wani likitan ido Bajamushe mai suna Hermann Cohn ya wallafa sakamakon duba idanun 'yan makaranta kimanin 10,000 a birnin Breslau da kewayensa, ya kuma lura cewa matsalar tana ƙaruwa daga aji zuwa aji.

A 2018 masu bincike a Birtaniya suka ƙarfafa wannan zargi, bayan nazarin bayanan ƙwayoyin halittar dubban mutane. Sun gano cewa yawan shekarun karatu ne ke jawo rashin ganin nesa, ba wai masu larurar ne suka fi son karatu ba.

Littafi ne ko rufaffen aji?

Abin da ya sauya tunanin masana shi ne wani bincike da aka wallafa a 2008, wanda ya kwatanta yara 'yan asalin China masu shekara shida zuwa bakwai a Singafo da takwarorinsu na birnin Sydney a Ostireliya.

A Singafo kashi 29 cikin 100 na yaran ne ke da larurar, a Sydney kuwa kashi 3 kacal, duk da cewa iyayen ɓangarorin biyu kusan daidai suke wajen fama da ita. Wani abin mamaki kuma, yaran Sydney sun fi karanta littattafai.

Babban bambancin shi ne yaran Sydney suna yin kusan sa'o'i 14 a waje kowane mako, na Singafo kuwa sa'o'i uku.

Bayanin da ya fi karɓuwa a yanzu shi ne hasken rana yana sa ido ya saki wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke taka wa tsawon ƙwayar ido burki. Hasken da ke waje, ko da a ƙarƙashin inuwar bishiya ne, ya ninka na cikin aji sau da dama.

Wannan ba ya nufin an wanke dogon duban littafi ko waya daga zargi. Amma ya nuna cewa babbar illar tsarin karatun ita ce yadda yake cinye yinin yaro a cikin ɗaki: aji da safe, darasin ƙari da yamma, aikin gida da dare.

Annobar korona ta ba da wata hujjar. A gundumar Feicheng ta lardin Shandong, bayan an kulle yara a gida na tsawon watanni a 2020, an samu larurar a kashi 21.5 cikin 100 na 'yan shekara shida. A shekaru biyar da suka gabaci haka, adadin bai taɓa wuce kashi 5.7 ba.

Me ya sa ake damuwa?

Wani zai ce ai tabarau ya isa magani. Tabarau yana gyara gani, amma ba ya hana ƙwayar ido ci gaba da tsawo.

Yaron da larurar ta kama tun yana ajin farko yana da shekaru masu yawa a gabansa da za ta yi ta tsananta. Idan ta yi tsanani, haɗarin ɓallewar tantanin ido, da hawan jinin ido, da yanar ido yana ƙaruwa idan an manyanta, wasu ma har su makance.

Wani hasashe da aka wallafa a 2016 ya ce nan da 2050 kusan rabin al'ummar duniya za su kasance da larurar, kuma kusan mutum biliyan ɗaya daga cikinsu za su kasance masu tsananinta.

Matakan gwamnatoci

Taiwan ce ta fara gwada maganin a kan ɗaukacin makarantunta. A 2010 ma'aikatar ilimi ta ɓullo da shirin fitar da 'yan firamare waje na minti 120 a kullum.

Kafin shirin ya kankama, yawan 'yan firamare masu raunin gani ya tashi daga kimanin kashi 35 cikin 100 a 2001 zuwa kashi 50 a 2011. Daga nan sai ya fara sauka, har ya koma kashi 46 a 2015.

A birnin Guangzhou na China ma an yi gwaji na shekara uku, inda aka ƙara wa 'yan aji ɗaya na wasu makarantu minti 40 a waje kowace ranar karatu. Kashi 30 cikin 100 nasu ne suka kamu da larurar, yayin da a makarantun da ba a yi ƙarin ba kusan kashi 40 suka kamu.

A watan Agustan 2018 Shugaba Xi Jinping ya sa baki da kansa, gwamnati ta fitar da shirin rage adadin 'yan firamare masu larurar zuwa ƙasa da kashi 38 cikin 100 nan da 2030. An hana bai wa 'yan aji ɗaya da biyu rubutaccen aikin gida, sauran azuzuwan firamare kuma aka taƙaita shi zuwa sa'a ɗaya.

A 2021 aka hana kamfanoni sayar da darussan ƙari a manyan fannonin karatu don riba, aka kuma taƙaita wasannin intanet ga yara zuwa sa'o'i uku a mako.

Sakamakon dai bai taka kara ya karya ba. Jimillar yara da matasa masu larurar ta sauka daga kashi 53.6 cikin 100 a 2018 zuwa kashi 51.9 a 2022.

Inda gizo ke saƙa

Masu lura da al'amura na ganin cewa dalilin jan ƙafar yana can ƙarshen sakandare, wato jarrabawar shiga jami'a, wadda ɗalibai fiye da miliyan 13 suka yi rajistar zanawa a 2024. Muddin makomar yaro ta rataya a kan maki, iyaye da malamai za su ci gaba da kallon sa'a biyu a fili a matsayin ɓata lokaci, kuma rahotanni sun nuna cewa darussan ƙarin da aka hana sun koma ɓoye.

A nahiyar Afirka larurar ba ta kai ko kusa da haka ba tsakanin yara. Amma ƙasashen da ke faɗaɗa ilimi a yanzu, inda ake kai yara makaranta tun suna 'yan shekara biyu ko uku, wasu makarantun ma ba su da filin wasa, suna da damar da gabashin Asiya bai samu ba, ta sanin illar tun kafin ta iso.

Babu masanin da ke cewa a rage neman ilimi. Ƙasashe irin su Finland da Ostireliya sun yi fice a karatu ba tare da matsalar ta kai matakin na gabashin Asiya ba. Tambayar da ke gaban hukumomin ilimi ita ce ko za su iya ware wa yaro sa'a biyu a waje kowace rana, su kuma shawo kan iyaye cewa ba asara aka yi ba.